Sawun Takalmin Kamfani

Lalla Ijja ce ta fara gani, kuma duk garin Izgaren babu wanda ya kai ta iya kururuwa. Da hantsin Asabar ta hau kurmin da ke saman gari da cibiyar jikanta ƙulle a tsumma, za ta binne a gindin bishiyar gidansu yadda ake yi wa kowane jinjiri a nan. Ta durƙusa ta yaye ƙanƙara da hannu, sai ta ga gindin fari fat. An bi shi an ɓare ɓawon, zobe guda, faɗin tafin hannu, sannan aka mayar da ƙanƙara aka rufe. Ta rarrafa zuwa ta kusa, ita ma haka. Ihun da ta kwarara, sai da alfadarai suka amsa daga cikin gari.

Wanda bai san bishiyar tawalt ba zai ce mene ne abin ihu, ga bishiyoyi nan tsaye da ganyensu shar. To, mu mun sani. Wadda aka yi wa zobe ta riga ta mutu, shekara ɗaya ko biyu za ta bushe ƙayau. Su ne kuma ke riƙe da ƙanƙarar gangaren, ba don su ba da tuni dutsen ya zubo mana a ka. Shi ya sa kakanni suka ɗora rantsuwa a kan kurmin: ba sara, ba kiwo, ko ƙirare ba a tsinta. Kowane gida da bishiyarsa, kuma a ƙarƙashinta cibiyoyin gidan suke.

Ba a sha wahalar neman wanda za a zarga ba. Shekara biyu ke nan da kamfanin ya zo, da kuɗin wasu mutane na hayin teku waɗanda ko fuskarsu ba mu taɓa gani ba. Suka dasa otal mai hawa biyar a inda muke shanya sha'ir, suka jera gidaje arba'in masu kan tsini, wai duk an sayar tun suna zane a takarda. Abu ɗaya ya rage musu, hanyar wasan zamiya a kan ƙanƙara daga ƙolin dutse zuwa ƙofar otal, kurmin kuwa ya tare ta. Doka ta hana sare ɗanyen tawalt. Busasshe kuwa ba ta ce komai a kansa ba.

Sawun da aka gani a kurmin na takalmin kamfani ne, mai zanen tauraro a diddige. Kafin azahar samari sun finciko Bushaib, maigadin otal, baƙo daga bakin teku, sun kulle shi a rumbun gari. Hanya a toshe take tun guguwar da ta faro ranar Laraba, jandarma ba za su iso ba sai nan da kwana huɗu ko biyar.

"Wa zai jira jandarma?" in ji Brik mahauci a farfajiyar masallaci, yana huci. "Mu kai shi mashigin dutse, mu nuna masa hanyar garinsu. Da ƙafa ya zo, ya koma da ƙafa."

Kowa ya san abin da hakan ke nufi a wannan sanyi, ba a dai faɗa ba.

Amgar Addi, shugaban dattawan gari kuma mai riƙe da sandar kurmin, ya ɗaga hannu. Mutum ne da ake jin maganarsa. Shi ne wanda da kamfani ya aiko masa da takalmi kyauta bara, ya wurga shi bayan katanga a gaban jama'a, ya ce a gaya musu ƙafarsa ba ta sayarwa ba ce. Ya ce a yi haƙuri, a tsare baƙon. Samari suka yi masa caa.

"Ku rufe mana baki!" Lalla Ijja ta daka musu tsawa. "Kuna da mai karanta ƙasa a garin nan, kuna ta haushi. Addi, ina ƙanenka?"

Addi ya ce a kira Yidir. Aka yanke: zuwa la'asar ɗin gobe, in Yidir bai kawo wani suna ba, Brik da mutanensa su yi yadda suka ga dama.

*

Yidir ɗan guntun tsoho ne mai gajeren gemu, maganarsa a wuni ba ta cika cokali. Akuyar da ta ɓata, ɓarawon tuffa, Baturen da ya yi gaban kansa hazo ya haɗiye shi, duk shi ake kira. Shekara arba'in yana bin sawu, bai taɓa nuna mutum ya zama ba shi ba ne, kuma yana ji da wannan fiye da yadda yake nunawa.

Ya kori kowa ya hau kurmin shi kaɗai, yana tsine wa ƙafafun da suka tattake wurin. Daga can sama, inda rassa suka kare ƙasa daga iska, ya sami sawun da lafiyarsa. Mutum ɗaya ne. Ya zo ne ranar Alhamis da rana, guguwa na gab da lafawa, lokacin da kowa ke gida yana rungume da murhu. Da gizago ya yi aikin, kuma hannunsa ya san itace. Duk taku talatin sai ya tsaya ya huta, ƙafa biyu a haɗe. Ko dai tsoho ne, ko mutumin ƙasa-ƙasa da ƙirjinsa bai saba da tudu ba, ko kuma wanda ke son a zaci haka.

Ya bi bishiyoyin ɗaya bayan ɗaya. Ashirin da uku, a jere cif kan layin da masu awon kamfani suka taɓa kafa tuta. A tsakiyar layin akwai wata tsohuwa mai raba biyu. Ya san ta kamar yadda ya san ƙofar ɗakinsa, ta gidansu ce, gidan Ait Bella. Ya yaye ƙanƙara ta gefen tudu, yana shirin ganin fari. Sai ya ga ɓawo, baƙi, lafiya lau.

An kashe ta dama, an kashe ta hagu, an tsallake tasu. Baƙo bai san bishiyar kowa ba. A gidan Ait Bella kuwa mutum ɗaya ne ke yawo da takalmin kamfani, ɗansa Hammu, mai koya wa Turawa zamiya.

Ya jiyo muryoyi suna haurowa. Abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa shi ya yi: ya mayar da ƙanƙarar ya rufe, ya goge da hannun rigarsa.

"Me ka gani, Baba Yidir?" in ji Brik.

"Na ga sawunka ko'ina, kamar na saniya a gonar albasa," ya ce, ya wuce.

*

Rumbun gari duhu ne da warin tsohuwar sha'ir. Bushaib na zaune a kan buhu, leɓensa a kumbure, ya ƙudundune cikin bargon da wata mai tausayi ta jefo masa ta taga. Yidir ya miƙa masa burodi da busasshen ɓaure.

"Tashi ka je bango ka dawo."

Bushaib ya tashi ya taka, ƙafafu a wawware irin na wanda ya girma a kwalekwale. Sawun kurmin kuwa matsattse ne. Yidir ya ga wannan, amma ya san ba hujjar da za ta tsayar da Brik ba ce.

"Ina kake ranar Alhamis?"

"A ɗakina, ni da murhu. Ka tambaye shi."

"Kana haki in ka hau tudu?"

"Baba, matakalar otal ma sai na huta sau biyu. Ni mutumin teku ne. In wannan ne laifin, to ku rataye ni."

"Me ya kawo mutumin teku kan dutse?"

Bushaib ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Irin abin da ya zo muku ne ya zo mana, kudu da garin Asfi. Da farko suka ce mu matsar da jirage gefe guda. Muka matsar. Sai suka ce warin kifi yana damun baƙi. Yau inda ubana ke shanya raga kujerun kwanciya ne, har rijiyoyinmu sun koma gishiri saboda ruwan da suke zuƙa. Ga ni ina gadin masu irin wannan aikin. Ka ce mini mara zuciya, na karɓa, ina da 'ya'ya mata uku. Amma wallahi ban taɓa taka kurminku ba."

"Wa ka taɓa ji yana maganar bishiyoyin?"

"Musyu Valantan mana, manaja. Duk wanda ya zo shan kofi sai ya yi masa wasan nan nasa, wai busasshiyar bishiya ba ta da lauya."

"Su wa ke zuwa shan kofin?"

"Rabin garinku, Baba. Da rana su zage mu a masallaci, da yamma su biyo ta ƙofar baya. Wani yana son aiki, wani yana son a sayi gonarsa. Kada ka sa in fara kiran suna."

"Ɗana fa?"

Bushaib ya dube shi sosai, ya kawar da kai. "Shi ta ƙofar gaba yake shiga."

*

A ɗakin ajiyar katakon zamiya ya tarar da Hammu yana goga musu kakin zuma. Dogon saurayi ne mai baƙin gilashi a goshi. Wata shida ke nan maganar da ke shiga tsakaninsu ba ta wuce gaisuwa.

"Miƙo ƙafarka."

"Ikon Allah! Har kaina abin ya zo?" Hammu ya tuɓe takalmin ya dire a gabansa. "Ga shi, shinshina. Mu bakwai ne ke da irinsa."

"Ina kake ranar Alhamis?"

"A bukkar ƙolin dutse. Tun Laraba guguwa ta rufe mu, ni da baƙi shida, sai Juma'a muka tona muka fito. Ɗaya har kuka ya yi yana kiran uwarsa."

Suna cikin haka Musyu Valantan ya shigo, fari sol, da murmushin nan nasa da ba ya gajiya. Ya ce gaskiya ne, shi da kansa ya riƙa magana da su ta waya. Ya ce kamfani ya yi baƙin ciki matuƙa da abin da ya sami kurmin, kuma a shirye yake ya taimaka wajen kwashe bishiyoyin in sun bushe, kada su faɗo wa wani.

"Kai ka sa aka yi?" Yidir ya tambaye shi ido cikin ido.

"Haba, Si Yidir! Ni ko wuƙar yanka burodi ba na riƙewa."

"Ba riƙewa na tambaye ka ba."

Murmushin bai motsa ba. Ya ce kofi na nan in ana so, ya fita.

Yidir ya juyo ga ɗansa, ya sassauta murya. "Hammu, tsakaninka da Allah. An bar ta gidanmu ba a taɓa ba."

"Wace ce ta gidanmu?"

"Me ka ce?"

"Baba, rabona da kurmin nan tun ina rataye da jakar makaranta. In ka kai ni yanzu, wallahi ba zan iya nuna maka ita ba. Kuna fushi ina yi wa Turawa aiki. Me kuke so in yi? In bi awaki, ko in shiga kwalekwale in haye teku kamar su Lahsan, a dawo muku da takalmina?"

Yidir bai san ko daɗi ya ji ko ciwo ba. Amma shi ba ya karɓar magana sai ya tambayi ƙasa, don haka ya hau kujerar igiyar kamfani mai kai mutane ƙolin dutse, wadda ya rantse ba zai taɓa hawa ba, ido a rufe yana salati. A ƙofar bukkar ya ga tarin ƙanƙara ya kai kafaɗa, an tone shi daga ciki sau ɗaya tak, bayan guguwa. Babu wanda ya fita daga nan ranar Alhamis.

Bayan magariba ya biya gidan wansa, na farko a gindin gangaren. Addi, wanda tun suna yara yake kira Dadda, ya zuba masa shayi. Gidan shiru, sai saniya da ke tuƙa a ƙasan bene. A kusurwa masaƙar Tilaitmas na nan da jan kilishin da ba ta ƙarasa ba. Ita kaɗai ce 'yar da Allah ya ba Addi. Shekara uku ke nan da naƙuda ta zo mata da gardama a irin wannan lokaci, hanya a toshe, aka ɗora ta kan alfadari za a kai ta asibiti, ba a kai ba. Tun daga ranar babu mai taɓa masaƙar.

"Ka samu wani abu?" in ji Addi.

"Ba baƙon ba ne, Dadda. Ba kuma Hammu ba."

"Alhamdu lillahi. To ka ce iska ta share sawun. Ni zan tare samarin har jandarma su zo."

"Yau ma da ƙyar ka tare su."

Addi ya jujjuya kofinsa. Yidir ya shanye na biyu, bai jira na uku ba.

*

Da safe ya koma wurin bishiyar. Jiya tsoro ya hana shi kewaya ta, yau ya tone ta ko'ina. Ta gefen gangare ya ga gurbin gwiwa biyu, masu zurfi, ƙanƙarar ta narke a ƙarƙashinsu ta sake daskarewa. Mutumin ya daɗe a durƙushe. A jikin gindin kuma akwai sara ɗaya, guda tak. An cike shi da kashin saniya da toka, an naɗe da zaren ulu ja, an ƙulle.

Yidir ya daɗe yana kallon ƙullin. Sannan ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara, tsohon da ko ranar mutuwar matarsa ba a ga hawayensa ba, ya yi kuka har gemunsa ya jiƙe. Wuƙa na aljihunsa. Yanka ɗaya, ya jefa zaren a kwazazzabo, shi ke nan babu mai sani har abada. Har ya zaro ta. Sai ya tuna mashigin dutse, da mutumin da ko matakala ba ya iya hawa, sai ya mayar da ita kube.

*

La'asar ta yi, gari kaf ya hau kurmin, don Yidir ya ce a can zai yi magana. Aka jera masu takalmin kamfani su bakwai, Bushaib a ƙarshe da igiya a hannu. Musyu Valantan ya tsaya nesa kaɗan cikin rigar gashi. Addi na tsaye da sandarsa. Kowa na satar kallon na kusa da shi, domin maganar ƙofar baya ta riga ta zaga gari.

"Wanda ya yi aikin nan mutum ɗaya ne," in ji Yidir. "Takunsa matsattse ne. Baƙon nan kuwa tafiyar agwagwa yake yi, ku dube shi."

"Taku ana sake shi," in ji Brik. "Kawo wata."

"Ana sakewa. Ku biyo ni."

Ya kai su gindin mai raba biyun, ya nuna musu ɓawon. Sai guna-guni ya tashi.

"Ta Ait Bella ce!" Brik ya yi ihu. "An bar tasu! Ashe ɗanka ne, tsohon banza, shi ya sa jiya kake ta noƙe-noƙe!" Ya cakumi wuyan Hammu, samari suka yo kansa.

"Sake shi, ba a gama ba." Yidir ya durƙusa ya buɗe gefen gangaren. "Lalla Ijja, idonki ya fi na kowa tsufa a nan. Zo ki gaya musu mene ne wannan."

Ta sunkuya, ta taɓa ƙullin da yatsa. "Wannan ai ɗaurin marigayi Bella ne, ubanku. Haka yake yi wa tuffa in iska ta tsaga ta, kashin saniya da toka, ƙulli biyu ciki, ɗaya waje. Rabona da ganinsa..." Sai ta kama bakinta.

"Mai gizagon ya kashe ashirin da uku hannunsa bai yi rawa ba," in ji Yidir. "Ya zo nan ya sara sau ɗaya, ya kasa. Da ya tafi abinsa, da ban san shi ba har in mutu. Amma bai iya barin ta da rauni a cikin sanyi ba. Ya sauka gida ya kwaɓo magani, ya sake hawowa ya ɗaure ta. Baƙo ba zai yi haka ba. Yaran yanzu ba su ma san ana yi ba. Hammu, da kuke shaƙewa, ko bishiyar bai sani ba, abin kunyar nawa ne." Ya miƙe tsaye. "Mutum biyu ubanmu ya koya wa ɗaurin nan. Ni ban zo nan ranar Alhamis ba."

Babu wanda ya juya. Kowa ya san inda zai kalla, kowa ya ƙi.

"Dadda," in ji Yidir, "za ka faɗa da bakinka, ko sai ka sa ni na faɗa?"

Addi ya tako gaba. Sannan ya jingine sandar a jikin bishiyar, a hankali.

"Takalmin da na wurga bayan katanga, da safe na je na ɗauko," ya ce. "Ban san me ya sa ba a lokacin."

"La'ilaha illallahu!" in ji wata mata. "Amgar? Nawa suka ba ka?"

"Ko dirhami ɗaya. Ku tambaye shi." Ya nuna Valantan da haɓa. "Hanya na roƙa. Ya ce ranar da aka buɗe layin zamiya za a zuba kwalta daga nan har asibiti, da motar share ƙanƙara kullum, saboda baƙi ba za su yarda a rufe su ba. Shekara talatin ina rubuta wa hukuma takarda ana ce mini gobe. Ni na ja alfadarin nan, jama'a. Ni na ji lokacin da ta daina kirana. Matanku nawa ne ke da ciki yanzu? Na ce bishiya ce, a dasa wata. Da na zo kan wannan, sai na tuna da hannuna na binne cibiyarta a nan."

"Kamfani bai taɓa umartar kowa da komai ba," in ji Musyu Valantan da sauri. Babu wanda ya ko dube shi.

"Dasa wata?" in ji Lalla Ijja. "Addi, wadda ka kashe mini ta girmi masallaci. Jikan jikana ba zai ga inuwar wadda za ka dasa ba. Wa zai riƙe mana dutsen kafin nan? Gidanka ne ma na farko a ƙasa!"

"Na sani."

"Baƙon fa?" in ji Yidir. Wannan ce tambayar da ta hana shi cin abinci. "Da na yi shiru, da ka bari an kai shi mashigi?"

"Na ce wa kaina ba zan bari ba." Addi ya sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Yidir."

Dattawa ba su daɗe suna shawara ba, hukuncin tsoho ne, ba a dai taɓa zaton za a yi wa mai sandar ba. Aka karɓe sandar. Shekara guda ba mai cin abinci da shi, ba mai shiga gidansa, ba mai amsa masa magana. Sauran kuma sai jandarma sun zo. Brik ya kwance wa Bushaib igiya yana ƙunƙuni, wai ai kowa ma zai iya kuskure. Jama'a suka fara gangarawa. Hammu ya tsaya yana kallon bishiyar, kamar yana son ya haddace ta.

Bushaib na murza wuyan hannunsa zai wuce, sai Addi ya tare shi.

"Kai ba ɗan gari ba ne, hukuncin bai hau kanka ba. Na zalunce ka, ban kuma ce ka yafe ba. Abu ɗaya zan tambaye ka. Ku da suka zo muku, sun yi muku hanyar?"

Bushaib ya dube shi. Da gani ya so ya yi ƙarya, ya kasa.

"Sun yi, Baba. Kwalta mai faɗi, har da fitilu. A kanta muka loda kayanmu muka bar garin."

Addi ya sulale ya zauna a gindin bishiyar. Yidir ya dubi masu gangarawa, wasu sun waiwayo suna jiran su ga abin da zai yi. Shi ya kira sunan, shi ya fi kowa sanin hukuncin. Ya tako ya sa hannu a hammatar wansa.

"Tashi, Dadda, sanyi zai kama ka."

"An hana ka yi mini magana."

"Na ji," in ji Yidir. "Tashi."